Guraben da Na Cike a Littattafan Baba

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, malamar lissafi daga Zariya, wadda tun tana firamare ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba, kuma ta ɗauka haka duniya za ta ci gaba da tafiya. Na samu gurbin karatun digirin digirgir a wata jami'a a Birmingham, muka kama wani ɗan flat a Erdington, a saman shagon gyaran waya. Bizata ce ke riƙe da mu duka. Maigidana ya bar aikinsa mai kyau a gida ya biyo ni, ya koma aikin kula da tsofaffi, yara kuwa cikin shekara guda suka koma wani irin Turanci da sai na ce su maimaita kafin in gane. Mahaifina, wanda muke kira Malam, tsohon hedimasta ne. Tun ranar da jirginmu ya tashi ya daina kiran sunana, sai dai Dakta. Na yi ta ce masa tukuna dai, shi ko a jikinsa.

Abin da nake bincike a kai, duk wadda na gaya wa a gidan suna sai ta yi dariya ta ce me ya haɗa Bazazzagiya da jiragen Rasha. Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashen kwaminisanci, wato Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, ba sa gaya wa kowa yawan jiragen yaƙin da suke ƙerawa. Su kuma na Yamma hankalinsu a tashe yake, sai suka koma kirdado. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce lambar jirgi. Kowane jirgi yana da lamba a jikin wani ɗan ƙarfe, tana nuna masana'antar da ta ƙera shi, da rukunin da ya fito, da kuma shi na nawa ne a rukunin. Kamar katin layi ne a asibiti, idan ka ga na hannun wata an rubuta tamanin, ka san aƙalla mutum tamanin sun zo ko ba ka gan su ba. Aikina shi ne in tara irin waɗannan lambobi da yawa, in nuna da lissafi cewa da an bi hanyata, da kirdadon ya fi kusa da gaskiya.

Sai ga shi mun faɗa shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Komai aka taɓa sai an rage. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin da nake ajiye autana, laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin yini, a sashenmu kuma aka soke tafiyar da zan yi ƙasashen waje in duba tsofaffin takardu. Malamin da ke duba aikina ya ajiye aiki tun lokacinsa bai yi ba, aka haɗa ni da wani matashi mai ɗalibai fiye da ƙarfinsa, wanda ba ya iya bambance jirgin yaƙi da na alhazai. Kafin tsohon malamin nawa ya tafi ya rubuta mini adireshin wani dattijo a Manchester, ya ce in akwai inda zan samu lambobi ba tare da na tsallaka teku ba, to gidansa ne.

Dattijon Bature ne, tsohon injiniyan jirage, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai. Ranar farko da na ce masa Baba sai ya tambaye ni ma'anarsa, da na gaya masa ya ce a hakan yake so a tsaya. Tun yana saurayi yake tara lambobin jiragen kwaminisanci, daga hotunan jarida, da gidajen tarihi, da tarkacen da ya bi ya gani da ƙafarsa, har ya cika littattafai goma sha ɗaya. Yana da ƙa'idar da bai taɓa karyawa ba. Lambar da ya gani da idonsa, ko a hoto mai kyau, da tawada yake rubuta ta. Wadda wani ya gaya masa kuwa da fensir. Idan tsatsa ko inuwa ta rufe wani ɓangare na lamba, sai ya ja ɗan layi da fensir ya bar gurbin haka nan, ko da shekara talatin zai yi. Na taɓa tsokanarsa na ce ai ko yaro ya san tsakanin huɗu da shida biyar ce. Ya kalle ni ta saman gilashinsa ya ce shi bai gan ta ba.

Duk Asabar ta biyu nake hawa bas daga Birmingham in je, da dambun nama a ƙaramar roba, domin ya ce bai taɓa cin nama mai kama da auduga ba. Yana dafa mini shayi, yana kashe rediyo idan zan yi sallah, har ya gane mini alƙibla da wani tsohon kamfas ɗinsa. Bai taɓa bai wa kowa aron littattafan nan ba, amma ni ya ba ni biyu biyu ina tafiya da su gida. Da na gama kwashe su na sa a lissafina, sai na ga matsala. Guraben sun yi yawa. Lambobin da suka cika ba su isa su tabbatar da abin da na shafe shekara uku ina cewa zan tabbatar ba. Saura wata biyar biza ta ƙare, jami'a ta ce ba ƙari, babbar 'yata tana shirin jarrabawa, Malam kuma ya kira ya ce ya sa an ɗinka masa babbar rigar da zai tarbe ni da ita. Na yi kuka har likita ya ce jinina ya hau, ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce babu.

Wata ranar Talata da hantsi, yara suna makaranta, na cike gurbi ɗaya a jadawalina. Na gaya wa kaina ba ƙarya ba ce, lissafi ne, tun da kowa ya ga abin da ya kamata ya kasance a wurin. Na biyu ya fi sauƙi. Kafin a kira azahar na daina ƙirgawa. Cikin mako biyu na toshe duk inda ke damuna, zanen lissafina ya miƙe sumul kamar an goge shi. Daga nan na yi wautar da ta fi ta farko. Don kada wani ya gano, sai na share ainihin jadawalin da ke nuna inda guraben suke, na bar cikakken kawai. Da na mayar wa Baba littattafansa ya roƙi in ba shi kwafin abin da na buga, ya sa madubin karatunsa a kai, ya ga lambobinsa sun cika. Ya tambaye ni ina na samo su. Da na ce masa kirdado na yi, da dariya kawai zai yi ya ce in goge. Amma kunya ta kama ni, wai ni Dakta guda in ce ban sani ba, sai na ce wani mai bincike ne ya aiko mini da hotuna daga can. Ya riƙe takardar, ya ce akwai wata lamba a ciki da ya jira tun kafin a haifi 'yarsa.

Ranar kare digiri aka kawo wata tsohuwar farfesa daga wata jami'ar, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi kowa daga barci. Ta yaba aikin, har na fara jin daɗi. Sai ta ce abu ɗaya ne ya hana ta sakat, ita ba ta taɓa ganin lambobin kwaminisanci sun jeru tsaf haka ba, domin masana'antun da gangan suke tsallake lambobi don su rikita masu leƙen asiri. Ta ɗora yatsa a kan wata lamba, ta ce a iya saninta wannan rukunin ba a taɓa ƙera shi ba, to idan na samo hotonsa na gano abin da ya gagari kowa, kuma tana ɗokin ta gani. Aka ba ni mako uku in kawo hotunan. Na fito na zauna a tashar bas ta Bristol Road, motata ta zo ta wuce har sau uku ina kallonta.

Abin da na shiga a makonnin nan Allah kaɗai Ya sani. Na daina cin abinci. Ina idar da sallah ban san raka'a nawa na yi ba, ina ɗaga hannu in roƙi mafita amma na kasa faɗin laifina ko a cikin addu'a. Maigidana ya yi ta tambaya, na ce gyara ne kawai aka ba ni. Har na zauna na fara koyon yadda ake haɗa hoton ƙarya, na ga ban iya ba. Daga ƙarshe shawara ɗaya ta rage mini, in je in durƙusa wa Baba ya rubuta takarda cewa shi ya ga hotunan da idonsa, sun ɓace ne daga baya. Na san ba wanda zai ƙaryata shi. Ku duba lalacewa, mutumin da na cuta shi zan je in roƙa ya yi mini shaidar zur, har da dambun nama a jaka.

Da na isa gidan Baba, ban ma buɗe baki ba ya ce yana da abin da zai nuna mini. Ya jero littattafan a kan tebur yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ashe tun ranar da na ba shi kwafin nan ya zauna, da idonsa da ya fara mutuwa, yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya, yana goge layin fensir yana rubuta lambata da tawada. Ya ce tun da ni 'yarsa na ga hotunan, kamar shi ya gani ne. Tawadar iri ɗaya ce da ta sauran, rubutun iri ɗaya, ba ka isa ka ce ga tsohuwa ga sabuwa ba. Na durƙusa a kan kafet ɗinsa na gaya masa komai ina kuka. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko ina da jerin waɗanda na ƙirƙira, mu bi mu soke su. Na ce na share. Ya tambaye ni ko zan iya tunawa. Muka gwada, na gane kaɗan, sauran kuwa ni da shi duk muka rasa wacce ce tasa wacce ce tawa.

Sai ya ɗauko rula da jan biro. Duk shafin da muke zargin lambata ta shiga ya ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, har da lambobinsa na gaskiya da ke ciki, domin ya ce shafin da ba zai iya rantsuwa a kansa ba bai da amfani. Ina zaune ina kallo ya soke fiye da rabin aikin rayuwarsa. Da ya gama ya raka ni bakin ƙofa, ya miƙo mini robar dambuna ko buɗewa bai yi ba. Ya ce gwamnatocin can sun shekara hamsin suna ɓoye masa lambobin nan bai taɓa jin haushinsu ba, domin ba wanda ya taɓa zama a teburinsa ya kira shi Baba.

Washegari na rubuta wa jami'a gaskiya, aka soke digirin, kuma sun yi daidai. Maigidana ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba, a na uku ya fara haɗa kaya. Babbar 'yata ba ta rubuta jarrabawar da ta yi wa shiri ba, har yau idan maganar Birmingham ta taso tashi take ta bar ɗakin. Malam ya tarbe mu a filin jirgi da babbar rigar nan, domin ban iya gaya masa ta waya ba. A mota na gaya masa. Ya ce Allah Ya rufa asiri, ya kira ni da sunana, bai kuma sake ce mini Dakta ba har ya koma ga Ubangijinsa. Na rubuta wa Baba wasiƙa huɗu, ba amsa. Ta biyar 'yarsa ce ta amsa, ta ce ya rasu, kuma gidan tarihin da ya yi niyyar bar wa littattafan ya karɓi huɗu kawai.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare. Idan ɗaliba ta bar gurbi ta rubuta ban sani ba, nakan ba ta maki ɗaya, sauran malamai suna ce mini ina ɓata yara, ni kuwa na san abin da na sani. Na gane cewa ba talauci ne ya kayar da ni ba, ba kuma biza ba, girman kai ne da tsoron a ce 'yar Malam ta kasa. Da na kai aikina da gurabensa, ƙila a ba ni ƙaramin digiri, ƙila a kore ni, amma da na dawo da mutuncina, da dattijon nan ya mutu da littattafansa goma sha ɗaya. 'Yan'uwana masu karatu a waje da na gida, musamman waɗanda aka riga aka raɗa wa laƙabi tun ba su samu ba, ina roƙonku don Allah, abin da ba ku gani ba kada ku rubuta shi, ku bar gurbin a buɗe ko da za a yi muku dariya. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, domin wanda ya kamata in nemi yafiyarsa ya tafi bai amsa mini ba.