Sabon Inji, Tsohon Giyabos

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina, na sauke injin tsohuwar motata na ɗora mata wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abokina bakanike, wanda ya yi aikin a garejinsa na unguwar Kudai a Makka, ya ce sai an canja giyabos ma, don haƙoran tsohon ba za su iya da wannan ƙarfin ba. Na ce ai lafiya lau take shiga giya a cikin gari. Ya goge hannu ya ce cikin Makka daban, hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'if daban.

Ba a jima ba ƙanwata ta haihu a Ɗa'if. Mahaifiyata ta ce a kunnenta za a raɗa sunan nan, ta cika kula da dambu. Yayana ya ce zai kai ta, na hana. Ina ni ina bari a raina sabon inji?

Muka fara hawan dutse da sassafe, ina taka totur, ina satar kallonta ko za ta yaba. Can a wata kwana sai na ji kamar ana niƙa tsakuwa a ƙarƙashinmu. Inji na kuka, mota ta ƙi gaba. Da ƙyar na lallaɓa gefe. Biran dutsen suka zagaye mu, ita kuwa ta rungume kularta.

Kunya ta ishe ni, na kama yi mata bayanin giyabos. Ta saurara har na gama.

"Yo ai irina ce," in ji ta. "Zuciya na son ɗawafi da ƙafa, gwiwa ta ce halas, ta gama aiki. Bambancin, ni ba na gardama, keken guragu nake hawa."

Abokina ya zo da motar ɗaukar mota. Ya ɗora tawa a bayanta. Haka muka shiga Ɗa'if, motata a goye. Mun tarar an riga an shafa fatiha, ashe sunan mahaifiyata aka sa wa jaririyar, kuma ba ta ji da kunnenta ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma har yau abin yana sosa mini rai.

A cikin satin na miƙa motar aka sa giyabos daidai da injin, na kuma koyi jin maganar mai sana'a. Takwarar mahaifiyata ta girma yanzu, an ba ta labarin kaf. Duk ranar da ta shiga motata, kafin ta gaishe ni sai ta shafa giyar ta ce, "Kawu, ya gwiwa?"