Idrisu Mai Gireda da Hanyar Lis

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a bakin shagon ɗana a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai waya ta yi ƙara. Mansur ne, babban ɗan Amm Idrisu, wato Baffa Idrisu a Larabce. Ya fara magana da Larabci kamar yadda ya saba, sai muryarsa ta karye, ya koma Hausar da ba ya yi sai da tsofaffi. Ya ce, "Ammi Musa, Baba ya cika." Na ce na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar. Mutumin da ya koya mini aiki, ya nema mini aure, ya raɗa wa ɗana na fari suna, shi ne ya tafi.

Matasan unguwarsa ta Misfala sun san shi tsoho ne mai sanda, wanda ke zama a ƙofar gida bayan magariba yana raba wa yara dabino. Ni kuwa na san shi a kan gireda, motar daidaita hanya, rawani ɗaure a fuska, rairayi har cikin gira. Ina so in faɗi abin da na gani da idona, domin yawancin waɗanda suka gani sun riga shi tafiya.

Na zo Makka ta hanyar Cadi da Sudan ina saurayi, na samu aikin tuƙa wayit, wato tankar ruwa, a kamfanin da aka ba aikin shimfiɗa kwalta daga Makka zuwa kudu. Hanyar tana fita ta bayan Misfala, ta wuce Ukaishiyya, baƙaƙen duwatsu su yi ta ja da baya, ƙasa ta buɗe. Daga nan sai rairayi da ƙaya da 'yan rijiyoyin makiyaya, har a kai kwarin Yalamlam inda masu zuwa daga Yaman ke ɗaura harami. A wuce nan a shiga zafin Tihama, iska ta fara kawo warin teku, sai garin Lis. Kafin kwalta, sawun manyan motoci ne kawai, kowa na bin na wanda ya riga shi. Mota ta kafe, fasinjoji su sauko su yi ta tono da hannu. Kafin motocin kuma, turbar raƙuma ce da ta masu tafiya a ƙafa.

Amm Idrisu yana cikin waɗanda suka bi ta a ƙafa. Iyayensa sun baro ƙasar Kazaure da niyyar hajji, suka yi shekaru a Sudan suna aikin gona, sannan suka haye teku a jirgin ruwa mai tafiya da iska, aka sauke su kusa da Lis. Shi yana yaro da wayonsa, ƙanwarsa Habiba kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. A tsakiyar tafiya zazzaɓi ya kama ta, ta daina cin komai, ruwan ayari ya kusa ƙarewa. A wata rijiya suka tarar da makiyaya. Wata mata daga cikinsu ta dubi yarinyar, ta nuna musu da hannu cewa in suka ci gaba da ita cikin wannan rana, gawa za su kai Makka. Su bar ta, su dawo bayan hajji. Suka bar ta. Da uban ya koma bayan hajji, ya tarar makiyayan sun tashi sun bi ruwan sama, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya sake komawa, bai dace ba, har Allah Ya karɓi ransa. Uwarsu, Iya Delu, ta zauna a Misfala tana sayar da soyayyiyar gyaɗa. Duk ayarin da zai koma gida sai a ce ta zo a tafi, ta ce ba za ta bar ƙasar da 'yarta take ba.

Ban san wannan labari ba sai da muka yi watanni tare. Abin da na fara lura da shi halinsa ne. In ya hango mutum yana tafiya a ƙafa, sai ya tsayar da ni ya ce, "Musa, ɗauki wancan. Kada ka tambaye shi daga ina yake, ba shi ruwa tukuna." Duk inda muka tashi daga zango sai ya sa na cika ganga na bari a gindin ƙaya. Kuma ba ya barin wuri sai ya gamsu. Na sha ganin ya sauko daga gireda, ya tsuguna ya karkata kai yana duban ƙasar da ya daidaita, ya koma ya sake bi. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Ku bar ni. Ba masu lafiya kaɗai za su hau ta ba." Ranar Juma'a kuwa, da ba a aiki, sauran ma'aikata su tafi Makka, shi sai ya roƙe ni in kai shi rijiyoyi da bukkokin da ke kusa. Ya yi sallama, ya sha gahawa, sannan ya yi tambayarsa guda: ko sun taɓa jin labarin wata yarinya Batakrura, wato 'yar ƙasashenmu na yamma, da mahajjata suka bari tana ciwo? Wasu su ce ba su sani ba. Wasu su ce wannan ai tsohon zance ne, ya haƙura. Ya yi godiya mu tafi. A mota ya kan ce, "Wannan rijiya ta fita. Saura na gaba."

Mun wuce Yalamlam da aiki lokacin da wani dattijo ya kawo awaki zango yana sayar wa mai dafa mana abinci. Amm Idrisu ya yi masa tambayar. Dattijon ya dube shi da kyau, ya dubi tsagar da ke kumatunsa, ya ce, "Akwai Ummu Salim, matar ɗan baffana. Marigayiya Salha ce ta raine ta. Tana da irin wannan zane a fuska, mun sha yi mata dariya muna yara." Amm Idrisu ya ajiye shayinsa, ya tambaye shi ina ƙauyensu yake.

Ƙauyen yana cikin wani kwari, nesa kaɗan da inda hanyar za ta bi. Muka je ranar Juma'a. Mijin Ummu Salim ya karɓe mu da mutunci, ya saurari labarin, ya shiga ya gaya mata. Ta zo ta tsaya a bayan zana. Ina zaune a wurin, na ji komai. Amm Idrisu ya ce mata da Larabci, don ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, "Ni Idrisu ne, yayanki. Uwarmu tana nan da rai a Makka."

Ta ce, "Uwata Salha ce, na yi jinyarta, na wanke ta da hannuna. Waɗanda suka ajiye ni a bakin rijiya suka wuce, ban san su ba."

Ya ce, "Baba ya dawo nemanki."

Ta ce, "Ni ban gan shi ba. In gaskiya ne tana nemana, ta zo inda ta bar ni."

A hanyar dawowa ni ne na fusata. Na ce shekara nawa yana yawo a rana saboda ita, ga abin da ta saka masa da shi. Ya ce, "Musa, ba ka ji abin da ta ce ba? Ta ce Iya ta zo. Ai ba ta ce kada ta zo ba."

Matsalar ita ce Iya Delu ta tsufa ƙwarai, ƙugunta ya karye tun bara, ba ta iya zama, balle ta jure girgizar mota a kan tsakuwa da ramuka. Likita ya ce irin wannan tafiya za ta iya kashe ta. Kwalta kuwa ta tsaya can baya, tana jiran a gama gadojin kwaruruka. Da aka gaya wa Iya an ga Habiba, ta yi sujada a kan shimfiɗarta, sannan ta ce wa ɗanta, "To, ka yi sauri da aikinka. Zan jira iyakar abin da Allah Ya ba ni."

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki kamar yadda ya yi a wannan lokaci ba. Labarin ya bazu a zango, kuma abin mamaki, ya zama na kowa. 'Yan Yaman masu ɗaurin ƙarfe, 'yan Sudan masu tuƙa tifa, 'yan Pakistan masu zuba kwalta, kowa in ya gan shi sai ya ce, "Ya jikin Hajiya?" Muna dab da gamawa sai aka yi ruwa a kan duwatsu, ambaliya ta sauko ta kwashe cikon da muka yi a bakin wata gada. Muka tsaya da safe muna kallon aikin makonni ya tafi. A makon nan kuma aka aiko cewa jikin Iya ya tsananta. Wani ya ce masa ya tafi gida ya zauna da ita, kada ya rasa duka biyun. Ya tafi ya duba ta, washegari sai ga shi ya dawo. Ya ce, "Ta kore ni. Ta ce ba ni take son gani ba." Ya hau gireda. Ba wanda ya jira a ba shi umarni, kowa ya kama nasa.

Ranar da kwalta ta kai daidai bakin kwarin, ba a ma ja farin layi ba tukuna. Ɗan abin da ya rage zuwa ƙauyen, shi da kansa ya nemi izini ya share shi da gireda har ya kwanta sumul. Mai kula da aikin ya ba mu aron motarsa. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka ɗauko Iya Delu daga Misfala bayan sallar asuba, matar Amm Idrisu tana riƙe da kanta. Ni na tuƙa. Motar tana tafiya kamar a kan ruwa, har Iya ta yi barci. Da ta farka ta sa aka ɗaga ta ta leƙa taga, ta ce, "Nan ne muka yi kwana da kwanaki muna tafiya? Ko azahar ba ta yi ba!" Da muka zo zango, ma'aikata suka fito bakin hanya suna ɗaga mata hannu suna kabbara.

Aka shigar da ita bukkar mata a kan katifarta. Mu maza muka zauna a waje, zana ce kawai tsakaninmu, Amm Idrisu yana bakin ƙofa yana fassara. Na zaci Iya za ta fara da kuka ko ba da haƙuri. Sai na ji ta ce, "Tambaye ta sunan matar da ta raine ta." Aka ce Salha. Iya ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da sauranta ba: "Ya Allah, Salha ta shayar da 'yata lokacin da na kasa. Ta riƙe amanar da ban koma na karɓa ba. Ka ba ta ladan uwa cikakke, in akwai wani lada nawa a kan wannan yarinya, Ka ƙara mata da shi." Amm Idrisu ya fassara har ƙarshe. Sai muka ji kukan Ummu Salim, irin kukan ƙaramar yarinya, daga nan kuma ba a sake buƙatar mai fassara ba. Ya fito ya zauna kusa da ni, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Ya ce, "Musa, mun gama hanya."

A motar nan muka dawo da Habiba. Ta ɗaura harami a Yalamlam, ta ga Ka'aba a karon farko a rayuwarta, tana tafe a gefen gadon katakon da aka ɗauki uwarta a kai don ta yi ɗawafi. Iya Delu ta ƙara watanni a duniya, kuma a cinyar Habiba ta cika. Habiba ta rayu har ta ga jikokinta suna karatu a Makka suna kwana a gidan yayanta, kafin ita ma ta riga shi.

Hanyar ta canja yanzu. An faɗaɗa ta, ga gidajen mai da masallatai, ƙauyen ya samu makaranta da asibiti. Masu wucewa da gudu ba su san wa ya daidaita ƙasar da ke ƙarƙashin tayarsu ba, shi kuma bai taɓa damuwa a sani ba. Har ƙarfinsa ya ƙare, in an ce wani zai yi kudu, sai ya ce, "Ka sa ruwa a mota fiye da wanda za ka sha."

An yi masa salla a Harami bayan azahar ranar Laraba. Da aka jera kujerun ta'aziyya a layinsu a Misfala, motoci suka yi ta isowa daga kudu, har aka rasa wurin ajiye su. Salim, ɗan Habiba, ne ya fara sauka, shi ma yanzu da furfurarsa, 'ya'yansa da jikokinsa da mutanen ƙauyen na biye. Wani maƙwabci ya nuna musu kujerun baƙi. Salim ya ce, "Mu ba ta'aziyya muka zo yi ba, mu za a yi wa." Ya wuce ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Mansur, mutanensa suka jeru a bayansa, sahun iyalan mamaci ya miƙe har ya karya kwana.

Ya Allah, bawanka Idrisu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka haɗa shi da iyayensa da Habiba da Salha a Aljannar Firdausi. Ka ba matarsa haƙuri, Ka shirya Mansur da ƙannensa, Ka riƙe zumuncin gidan Misfala da gidan kwari kada ya yanke bayan ransa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.