Takobin Baba, daga Fallowfield zuwa Aston

Duk masu cewa na je Birmingham ne in sayar da takobin Baba ba su san ni ba. Ban tafi da niyyar sayarwa ba, ban kuma dawo da niyyar ba. Abin da ya kai ni shi ne Kawu Lawal, yayan Mama, wanda tun ranar sadakar bakwai yake cewa wani ɗan gwanjo ne ya damfari Baba da ƙarfen banza, ya ce masa tsohon takobin Japan ne. Yanzu da kansul, hukumar da ta ba mu hayar gida, ta ce ko Mama ta biya kuɗin ɗakin da ya yi mana yawa ko mu koma ƙaramin gida, sai Kawu ya yanke hukunci: kafin mu kwashe kaya, a miƙa takobin ga 'yan sanda. Na ce a bari masani ya gani tukuna. Lokaci kuwa ina da shi, tunda an rufe laburaren da nake aiki.

Fallowfield

Ina idar da sallar asuba a gidanmu na Fallowfield na naɗe takobin cikin tsohon bargo, na ɗaure da igiya. Ba zan shiga jirgin ƙasa da hijabi da takobi ba, ba ni da bakin yi wa kowa bayani. Anti Saratu, maƙwabciyarmu 'yar Zonkwa, nas ce, za ta kai wa 'yarta kayan abinci jami'a, ita ta ɗauke ni. Mama ta rako mu har bakin mota tana cewa in gaishe da Baturen masanin, in kuma tabbatar ya lura da yadda takobin ke ƙyalli. Ban saurare ta ba, sauri nake.

Kan hanya

Babbar hanyar M6 ta cika da masu gyaran titi, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Anti tana bin waƙoƙin cocinsu a rediyo, ni ina duban agogo. A wurin hutawa ta sayi shayi mai tsadar da bai kai ba, muka buɗe ƙosan Mama a cikin mota. Ta tambaye ni in Baturen ya ce jabu ne fa. Na ce Baba ya yi shekaru yana karanta littattafan takubba a teburin cin abinci, ba zai zama jabu ba.

"Rukayya, wannan taurin kan naki na ubanki ne," ta ce. "Ci ƙosanki."

Selly Oak

Gidan ɗalibai ne, takalma har bakin matakala, kwanuka sun cika wurin wanke-wanke. Anti ta shiga yi wa 'yarta faɗa, ni ina tsaye a ƙofa ina kaɗa mata makullin mota. Sai da na ce Baturen ba zai jira ba sannan ta fito.

Aston

Shagon masanin yana saman wani garejin taya. Dattijo ne mai farin gemu, ba ya son surutu, abin da ya yi mini daidai. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ce kada in yi magana a kan ƙarfen saboda tururin baki. Da ya zare shi daga kube, sai ya rufe ido kamar wanda haƙori ya sara.

Ya tambaya wa ya goge shi, da me. Nan take na gane. Tun rasuwar Baba, duk Juma'a Mama takan sauko da takobin ta dirje shi da soson ƙarfe da lemun tsami, yadda take yi wa tukwanenta. Jiya ma ta ƙara masa, don a wurinta abin kunya ne a kai wa baƙo kaya da tsatsa. Dattijon ya nuna mini bakin takobin, ya ce da akwai zane kamar igiyar ruwa wanda wuta ta bari, shi masana ke fara dubawa. Soso ya cinye shi. Na fara jin muryar Kawu a kaina.

Sai ya ɗauko wata 'yar guduma, ya buge wani ɗan tsinken gora da ke riƙe da mariƙin, ya zame shi. Ƙarfen da ke ciki baƙi ƙirin da tsatsa, da rubutu a sassaƙe. Ya daɗe yana juya shi a gaban taga. Ya ce wannan baƙar tsatsar ita ce shaidar shekaru, ba a yin ta da gaggawa, kuma rubutun sunan maƙerin ne. Takobin na gaske ne, ya girmi kakan kakana.

"Wanda ya saye shi ya san abin da yake yi," ya ce. "Ki gode wa Allah mahaifiyarki ba ta san yadda ake cire mariƙin ba."

Ya ce gyara yana yiwuwa, amma sai a hannun masu wasa shi da duwatsu, kuma layinsu dogo ne. Ya yi mini tayin saye. Na ce a'a tun bai rufe baki ba. Ya ba ni 'yar kwalbar mai mai ƙamshin kanumfari da farin ƙyalle, ya nuna mini yadda ake shafawa.

Gida

Duk hanyar dawowa ina tsara faɗan da zan yi wa Mama. Anti ta ce in na ɗaga mata murya, ita da kanta za ta mare ni. Mun iso ana kiran magariba a wayar Mama. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Ya ga ƙyallin?"

Na dube ta, hannunta duk ya tsattsage da wanke-wanke. Na ce ya gani, kuma ya ce Baba bai yi kuskure ba. Ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da gyale.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Anti Saratu da ta jure ni. Gobe zan kira Kawu in gaya masa takobi zai bi mu sabon gida, sannan in shiga layin masu gyara komai tsawonsa. Soson kuwa na ɓoye shi. Juma'ar nan zan sauko da takobin da kaina, in faɗa wa Mama gaskiya a hankali, in miƙa mata kwalbar man.