Garkar Inna da tayin da na yi wa bashi

Assalamu alaikum, masu shirya wannan mujalla da ƴan'uwana masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce da ta gama karatun koyarwa a Tawa, na dawo gida Tama ina jiran a ba ni aji. Ban cika magana ba. Da la'asar nakan zauna bakin garkarmu a fadama ina rubuta ƴan baitoci kan ruwa da balbelu, Inna tana tsokanata wai waƙa ba ta cika buhu. Mutanen unguwa suna ganin wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta kai nan ta san duk abin da ke cikin biro, wato ofis. Ni ma na yarda da su.

Garkar albasa ce kaɗai abin da mahaifinmu ya bar mana, da ita muke ci. A shekarar ne injin ban ruwanmu ya mutu, ga iri ya fito kore shar yana jiran dashe. Inna ta ce tunda ni ce mai ido, in tafi in nemo bashin sabon inji. Da can ina da asusu a wata kes, wato gidan ajiya da lamuni, a Buza, tun ina lise, wato babbar sakandare. Na taɓa cin ɗan bashi wurinsu na biya a kan lokaci. Amma watanni kaɗan kafin nan na rufe asusun, don ina jin haushin ɗan abin da suke cirewa duk wata. Har na yaba wa kaina wayo.

Tun ina ƙarama Inna ta koya mini ba a saye a rumfar farko. A taya, a juya baya, a zaga, sai mai kaya ya kira ka. Da wannan tarbiyya na shiga Madawa ranar kasuwa. Na bi gidajen lamuni ɗaya bayan ɗaya har da banki, ko'ina na cike takardar neman bashi, na ba da katin shaidata, na sa hannu, na ce zan yi shawara. A banki har katin nan mai ba da rance na nema, don kawai an ce kyauta ne. Wani ma'aikaci ya yi ta zolayata, yana kirana malama, wai wannan rubutu nawa ya fi dacewa da wasiƙar saurayi. Na koma gida cikin motar kasuwa ina murmushi, ina jiran in ga wanda zai fara kirana.

Sun kira, amma don su ce a'a. Na koma wurin na ƙarshe na nace sai an faɗa mini dalili. Mai kula da lamuni, dattijo ne da gajiya ta cika masa fuska, ya ce ƴata zauna. Ya bayyana mini cewa gidajen nan suna duba sunan mutum a wuri guda, kuma kowane nema yana barin sawu. Wanda aka ga ya buga ƙofofi da yawa a tare, ɗaukarsa ake yi kamar mai nutsewa da ke kama duk abin da ya samu. Ya tambaya ko ina da tsohon asusu mai motsi da zai tsaya mini shaida. Na ce na rufe. Ya ce in buɗe sabo, in riƙa ajiya, in dawo bayan wasu watanni.

Albasa ba ta jiran watanni. Ni da Inna muka koma jan ruwa da guga har tafin hannuna ya sale, muka dasa abin da muka iya, sauran irin ya ƙone a idonmu. Kafin rani ya ƙare Inna ta jinginar da garkar ga wani maƙwabcinmu. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da ta ce kawai, ita ce ta koya mini tayi, ba ta san akwai kasuwar da ake rubuta shi ba. Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Yanzu ina koyarwa, ina ajiya kaɗan-kaɗan, sunana yana wankuwa a hankali, amma na gaji da jira. Garkar tana hannun mutane har yau. Lokacin cirar albasa Inna takan tafi can yankan ganye, a biya ta ladan yini a ƙasar mijinta.

Don haka ƴan'uwa, musamman mu da ake turawa biro don mun yi karatu: ku yi tambaya da baki iya son ranku, amma kada ku sa hannu sai inda kuka yanke shawara. Kada ku rufe tsohon asusu don haushin abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, tun irin wani bai bushe a kanku ba.