Baba Tafinta da Mudun Ɓacin Rai

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Audu, wanda mutanen Kontagora suka fi sani da Audu Tafinta. Har yanzu in na shiga kasuwa, sai wani dattijo ya tsayar da ni ya ce, "Ba ke ce 'yar Tafinta ba?" Daga nan sai labari, kuma da wuya mu rabu ba mu yi dariya ba.

A Tungan Magajiya aka haife shi. Dukanci ya sha a nono, Hausa ya tsinta a kasuwa, Kambarci a wajen abokan noma, Turanci kuwa a makaranta. Da harsunan nan huɗu ya yi aikin tafinta a kotu har ya yi ritaya. Yakan ce da yawa daga ƙararrakin da ya fassara ba rigimar gona ba ce ko ta shanu, rigimar kalma ce: an ɗauki ƙaramin haushi an raɗa masa babban suna.

Shi ya sa a gidanmu ba ka isa ka ce an dame ka ka tsaya nan ba. Sai ya rage muryar rediyonsa ya tambaye ka wace irin damuwa. Turawa, in ji shi, sun auna ɓacin rai mudu-mudu. Sauro ya yi maka kuka a kunne kana karatu, wannan "disturb" ne, ya katse maka abin da kake yi. Ka kai masa mari ka mari kanka, to an kai "annoy", don rai ya fara ɓaci. Akuyar maƙwabta da ta mai da shanyar geron Inna wurin kalacinta na kullum, ita ce "nuisance", fitinar da ta samu wurin zama. "Inconvenience" kuwa wahala mai sanye da kwat yake kiranta. Ba ta cizo, sai dai ta sa ka zagaye.

Mun ɗauka duk raha ce, sai ranar da Saratu ta shigo gidanmu da takarda a hannu tana share hawaye da bakin zane. Saratu mutuniyar Rijau ce, Kirista, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da injin niƙa a bakin layinmu. Wani matashin ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki daga Minna ya kama haya a jikin shagonta, ƙarar injin ta hana shi hutun rana. Shi ne ya rubuto mata wasiƙa da Turanci cewa injinta "public nuisance" ne, in ba ta ɗauke shi ba za su haɗu a kotu. Wanda ya fara karanta mata ya ce ma'anarsa ita annoba ce ga gari. Kwana biyu ba ta tayar da injin ba, matan layi suna ɗaukar robobin dawa da tumatir har cikin kasuwa.

Baba ya karanta wasiƙar sau biyu, ya yaba rubutun, sannan ya aika aka kira matashin. Ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, Saratu na zaune daga gefe.

"Ɗana, Turancinka ya nuna," in ji Baba. "Amma wannan 'public' da ka sa, jama'a ke nan. Su wa da wa ka tambaya?"

"Baba, ai kowa na jin ƙarar."

"Ji daban, kuka da ita daban. Leƙa waje."

Matashin ya leƙa. Mata ne tsaye cirko-cirko a ƙofar gida da robobinsu, suna jiran su ji yadda za a ƙare. Ya dawo ya zauna yana sosa ƙeya. Baba ya ce masa haƙƙinsa na nan, an katse masa barci, ransa kuma ya ɓaci, duka biyu gaskiya ne. Amma kalmar da ya ɗauko ta fi ƙarfin laifin, kamar a zo yankan farce da gatari. Ya juya ga Saratu ya maimaita mata komai da Dukanci, har da abin da ba ta so ji ba: salansar injinta ta fashe tun bara, ita ma ta sani.

Aka tsaya a kan ta gyara salansa, kuma ta riƙa kashe injin daga azahar zuwa la'asar. Matashin ya karɓi wasiƙarsa ya yaga da hannunsa. Bayan ya yi aure, amaryarsa ce ta fi kowa sammakon kai niƙan wake wajen Saratu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, amma ba su ce zo mu rabu ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin nan. Sabis ya ɗauke kwana biyu, mai tumatir daga Auna ya kasa samun direban da zai kwashe masa kaya har suka ruɓe, sannan saƙon kamfanin sadarwa ya shigo waya wai ana ba da haƙuri kan "inconvenience". Na san zai tuntsire da dariya ya ce yanzu kuma an juya abin, ana ɗaukar giwa a raɗa mata sunan zomo. A ajin da nake koyar da Turanci kuwa, komai "disturb" ne, ko an taɓa wa yarinya biro ko an ci mata mutunci. Sai in ji bakina yana tambaya, "Wace iri?" Kafin ta gama lalubo kalmar, rabin fushin ya huce.

A jinyarsa ta ƙarshe na koyi kalmar da bai taɓa sawa a mudunsa ba. Duk lokacin da zai nemi ruwa ko a gyara masa matashi, sai ya ce, "Sorry to bother you." Na tambaye shi ina matsayin wannan. Ya ce ita ce damuwar da mutum ke neman afuwa tun kafin ya jawo ta, kamar sallamar mai zuwa aron gishiri. Inna, wadda ba ta yi boko ba amma ta shekara arba'in tana jin waɗannan darussa, ta miƙa masa kofi ta ce, "Malam, sha ruwanka. Wahalar da mutum ke so ba ta da suna a Turancinku." Ya yi dariya har da tari, ya ce yau an ka da tafinta.

Bai bar mana bene ba, bai bar garke ba. Ya bar 'ya'ya da maƙwabta da ke tsayawa su auna haushinsu kafin su ba shi suna, don magana zarar bunu ce. A ganina gadon bai yi kaɗan ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa inda yake babu abin da ke damunsa, ko ƙarami ko babba.