Labulen da Goggo ta ɗinka

Goggo tela ce tun tana budurwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'yar ƙaninta da ya rasu ya bar mata tun tana goye. Da ɗinki ta raine ta har ta shiga jami'a.

Ranar da ta kai ta ɗakin kwanan ɗalibai, Goggo ta hana kowa taɓa komai. Ita ta shimfiɗa zanin gado, ta tura akwati ƙarƙashin gado, ta rataya madubi. Da ta ɗaura labulen da ta ɗinka, sai ga shi bai rufe tagar ba, kalmasar ma ta karkace. Idanunta sun daɗe da fara gazawa, amma ba ta gaya wa kowa ba.

"Bari in kwance in je in gyara," in ji ta.

"Haba Goggo, bar mini abina. Ai gara haka, iska ta riƙa shigowa."

Goggo ta yi dariya, ta juya baya tana share hawaye. Labulen nan shi ne ɗinkinta na ƙarshe. Da yarinyar ta dawo hutu ta yi sallama, da murya Goggo ta gane ta.