Malam Hambali Maƙeri da Fitilar da Aka Ba Shi Amana

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Hambali ɗan Sada a garin Kiyako, cikin ƙasar Birnin Kudu, a daminar shekarar 1929. Mahaifinsa Sada maƙerin fari ne, wato mai aikin tagulla da azurfa, mahaifiyarsa A'i kuwa 'yar Wurno ce, daga gidan manoma. Ya zama wajibi a rubuta tarihinsa yanzu, domin masu zaman gindin bishiya sun riga sun rubuta masa wani da bakinsu, kuma babu komai cikinsa sai ƙage da tsoro.

Karatunsa da koyon sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a gaban wani malami na Surko a shekarar 1944, ya taɓa littattafan fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa, sannan ya dawo maƙerar mahaifinsa. A nan ya ƙware a zubi: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sada yakan ce masa zubi ba shi da gyara, abin da ka ɗura shi za ka fasa ka tarar. Waɗanda suka zauna da Hambali sun shaida cewa haka ya ɗauki maganar bakinsa ma.

Aurensa da komawarsa Birnin Kudu

A shekarar 1953 ya auri Turai, 'yar Gwaram, mace mai tsafta da kaifin harshe, kuma ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar samun 'yancin kai, bayan rasuwar mahaifinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Birnin Kudu ya kafa maƙera kusa da kasuwa, yana zuba munduwa da warwaro da zobba. Ya yi suna, ya sami rufin asiri, har zuwa lokacin da kuɗin man fetur suka cika ƙasa da kayan kanti, mata suka juya wa tagulla baya, zuga-zuginsa ya fara kwana bai motsa ba.

Zuwan Janaki da zubin fitila

A cikin malaman da gwamnati ta ɗauko daga Indiya a waɗannan shekaru akwai wani mai koyar da lissafi a wata sakandare ta garin, ana ce masa Mista Raghawan, da matarsa Janaki, da 'yarsu ƙarama Lalita mai dogon kitso guda a baya. A shekarar 1975 Janaki ta zo maƙerar da fitilarsu ta ibada, wadda ta karye a hanya, ta nemi a narka ta a sake zuba ta. Fitila ce mai gindi kamar faifai, da doguwar ƙafa, da ɗan kasko a sama mai baki biyar inda ake ɗora lagwani.

Hambali bai karɓi aikin ba sai da ya tambaye ta ko gunki ne. Da 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa ta bayyana masa cewa a addininsu ana kunna ta safe da yamma a gaban abin bautarsu. Man da ke ciki, in ji ta, shi ne kwaɗayin mutum, lagwani girman kansa, wutar kuwa sani ce mai cinye su biyun. Ta ce ba a busa ta da baki, kuma wanda ya yi bakance a kanta ba ya barin ta mutu sai buƙatarsa ta biya. Hambali ya ce wannan tsakaninta ne da Mahaliccinta, shi kasko zai zuba. Ya zuba shi kuwa, zubin da har yau ba a ga kamarsa ba a ƙasar.

Ɗaukar amana

A bazarar 1977 sanƙarau ya shigo garin, kamar yadda yake shigowa kusan kowace bazara, kuma kamar kullum manyan gari suka ce ƙaddara ce, suka gyara zama. Ya kama Lalita. Da rana tsaka, mutanen kasuwa suka ga Janaki tana tafe ba takalmi, riƙe da fitila tana ci, ta kare wutar da gefen zanenta, ta wuce kowa ta shiga maƙerar. Mota na jiran su za a kai yarinyar asibiti a Kano, ba a shiga mota da wuta, kuma ta yi bakance cewa wutar ba za ta mutu ba sai 'yarta ta tashi. A duk garin ba ta san wani mai zama kusa da wuta dare da rana ba sai shi.

Turai, wadda ta kawo masa abinci a lokacin, ta ce kalmominsa ba su wuce waɗannan ba: "Ajiye ta nan. Ba za ta mutu a hannuna ba." Bai tambayi wa'adi ba, domin a wurinsa mai tambayar wa'adi ga uwar da ɗanta ke kwance ba shi da kunya.

Ba su dawo ba. Bayan damina wata babbar mota ta zo ta kwashe kayansu, direban bai san komai ba. Hambali ya je Kano da kansa har sau biyu, aka bar shi a bakin ƙofar asibiti kamar mai bara, ba wanda ya saurare shi. Abin takaici shi ne garin cike yake da masu ilimin zamani waɗanda suka ci abinci a gidan Raghawan, waɗanda tambaya ɗaya daga bakinsu ta isa a san ko yarinyar ta rayu, amma babu wanda ya ga abin ya kai ya tashi daga kujerarsa.

Shekarun zargi

Ya ci gaba da ɗura man shanu yana murza lagwanin auduga, wata ya bi wata. Da aka shekara, magana ta fara yawo. Aka ce ya zama Bamajuse mai bautar wuta, aka ce ya ajiye aljana a tagulla. Dada, Bafulatanar da ke kawo masa man shanu, ta daina zuwa, ta ce duk ranar da ta shiga maƙerar wutar takan karkato wajenta alhali babu iska. Yara suka daina bi ta ƙofarsa. Mafi nauyi shi ne abin da Turai ta fara gani: inuwar ƙafar fitilar a jikin bango, ko da rana, tana kama da yarinya a tsaye mai kitso guda a baya.

Liman ya kira shi a gaban dattawa ya ce ya kashe ta, a huta. Hambali ya amsa da cewa: "Allah ya gafarta Malam, ban ce wuta na riƙe da rai ba. Rai na hannun Allah. Amma uwar ta ce, ni kuma na ce mata to. Ka ba ni ayar da ta ce amanar wanda ba Musulmi ba ba amana ba ce, yanzu in je in kife ta." Liman bai kawo ayar ba, bai kuma wanke shi a gaban jama'a ba. Aka tashi, kowa ya koma ga zarginsa, domin zargi ba ya buƙatar a je Kano.

Ciniki ya tsaya cak. Turai takan tsaya a bakin maƙerar ta ce: "Malam, man da 'ya'yanka ba su gani a tuwo ba, shi kake ba wa 'yar Indiya tana sha. Wata rana sai na busa ta ka ga ko sama za ta faɗo." Shi kuma ya ce: "Busa mana, ga ki ga ta." Ba ta taɓa busawa ba.

Hijirarsa zuwa Gwaram

A shekarar 1980, bayan an janye maganar auren 'yarsa Kubra saboda fitilar, ya sayar da gidansa ya koma Gwaram wurin dangin matarsa. Bai shiga mota ba. Ya sa fitilar cikin tukunya mai huji, ya ɗauke ta a ƙirjinsa ya taka da ƙafa, yana yada zango, iyalinsa suka riga shi isa. Ruwa ya dake shi a hanya, ya isa jiƙe sharkaf, wutar tana ci. Mutane suka ce sihiri ne. Tukunya ce da dabarar maƙeri, amma wanda ya fi son tsoro da tunani ba ya jin bayani.

A Gwaram ya koma noman gero da gyaran tasoshi, yana salla a sahun baya. Sabon ɗakin daban ne, bangon daban, amma inuwar ta biyo su. Turai ta rantse cewa tana ƙara tsawo, har ta sa alama da gawayi a bangon. Ana iya cewa hasken ne ke sauyawa da tsawon lagwani. Sai dai babban ɗansa Iliyasu, wanda ya yi kwalejin horon malamai kuma ba ya yarda da camfi, ya duba alamun gawayin, ya ga kowace tana bisa ta bara, daga ranar bai ƙara yin gardama a kan maganar ba.

Rashin lafiyarsa da rasuwarsa

Ciwon ƙirji irin na masu shaƙar hayaƙin zubi ya kwantar da shi a ƙarshen shekarar 1983. Da ya ji jikinsa, ya tara iyalinsa ya yi musu wasiyya cewa shi ya ce to, ba su ba, don haka amanar za ta bi shi kabari: kada kowa ya busa, kada kowa ya ƙara mai, a bar ta ta ƙare da kanta.

Allah ya yi masa rasuwa wata ranar Laraba da hantsi, cikin bazarar 1984, yana da shekara hamsin da huɗu. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Gwaram. Jama'a sun taru fiye da yadda aka zata, amma gaskiya ita ce da yawansu ba gawar suka zo rakiya ba, sun zo ne su ga mutuwar fitila. Man da ke kaskon bai isa ya kai la'asar ba. La'asar ta yi, tana ci. Aka yi sadakar uku, tana ci. Masu zaman makoki suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Da safiyar ranar bakwai Iliyasu ya shiga ɗakin ya tarar da mahaifiyarsa, cikin kayan takaba, durƙushe da ludayin man shanu a hannunta. Ya tuna mata wasiyyar. Ba ta waiwayo ba, idonta na kan bango, ta ce: "Dubi inda ta kai, Iliya. Ta isa aure. Ubanka ya tafi ya huta, ni zan zama wadda ta kashe 'yar mutane?"

Malam Hambali ya rasu ya bar matarsa Turai da 'ya'ya huɗu: Iliyasu, malamin firamare a Gwaram, Kubra, wadda daga baya ta yi aure a Surko, Abdulsalami, wanda ya gaji sana'ar ƙira, da autarsu Zahara'u. Ya kuma bar fitila guda, wadda har ranar da aka kammala wannan tarihi tana ci, kuma har ranar babu wanda ya sake zuwa ya tambayi labarin yarinyar. Allah ya jiƙansa, ya sa amanar da ya riƙe ta zama haske a kabarinsa, amin.